Bashin Banki ko Kayan Ɗakina

Salamu alaikum masu bibiyata. Wadda ta rubuto cewa wai ba ni da zuciya sai kalkuleta, na ga saƙonki kuma ban ji haushi ba, Inna ma haka take faɗa. Ga sababbin zuwa kuwa, sunana Raliatou. Shekarata ishirin da ɗaya lokacin da wannan abu ya faru, cikin watan Mayun 2016. A Paris aka haife ni, iyayena mutanen Maraɗi ne. Innata, Hajiya Halimatou, tana da ɗan shagon atamfa a unguwar Château Rouge. Babana, Alhaji Salifou, yana harhaɗa kaya a rumbunan ajiya na Aubervilliers, a gefen Paris, yana aikawa gida.

Wata makarantar kuɗi a Lyon ce ta ɗauke ni karatun fasahar zanen gini, na shekara uku. Ba arshitek ba, ko da yake haka Baba yake gaya wa abokansa a masallaci. Arshitek shi ke ƙirƙiro gini a kansa. Ni aikina in zauna gaban kwamfuta in fitar masa da awo: kaurin bango, inda bututu zai bi, tsayin kowace matakala. Tun ina yarinya abin da nake so ke nan, har yau akwai tef ɗin awo mai mita biyar a jakata, kusa da jan baki.

Kuɗin makarantar yuro dubu shida da ɗari takwas ne a shekara, kuma sun ce in ban biya na shekarar farko zuwa ranar Juma'a ba za su ba wani gurbina.

Na daɗe da yin lissafina a farar takarda, na manna a ƙofar wadrob. A hagu na rubuta abin da nake samu a kantin fenti da tayil inda nake karɓar kuɗi, dubu ɗaya da ɗari da hamsin a wata. A dama na rubuta abin da masu wannan karatu suke farawa da shi. Ban yarda da takardar tallar makarantar ba, sai na nemo mutum uku da suka gama na tambaye su albashinsu ba kunya. Wajen dubu ɗaya da ɗari bakwai. In na ci bashin dubu ishirin, banki zai riƙa cire ɗari biyu da hamsin da biyar duk wata har shekara bakwai, wato sai na kai talatin da ɗaya kafin in gama. Ribar da za ta rage min a farko ba ta kai ɗari uku ba, ga shekara uku da zan yi ba albashi. Ba arziki ba ne. Amma a hagu lambar ba ta motsi, a dama kuwa tana hawa, kuma aikin dama ne nake so.

Matsalar ita ce banki ba ya ba ɗalibi bashi sai da wanda zai tsaya masa, mai albashi a rubuce.

Da na fara gaya wa Baba, kalma ɗaya ya ce, riba, wato kuɗin ruwa, ya yi kwana uku bai ƙara ce min uffan ba. Ran Talata da safe sai na fito na tarar da shi a falo cikin babbar rigarsa ta shadda ruwan toka, ya fesa turare, hularsa ta sha guga. Ya ce, "Mu tahi. Allah shi yahe muna."

Matar bankin tana da kirki, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ba mu kujera, ta karɓi takardun Baba tana juyawa. A takarda, Baba ma'aikacin rabin rana ne a wani rumbu, albashinsa ɗari bakwai da wani abu. Sauran rayuwarsa ba ta cikin takarda.

"Gaya mata," in ji Baba da Hausa, alhali yana jin Faransanci sarai, "ƴan kasuwar Aubervilliers na ba ni kayan dubu arba'in da baki kaɗai. Shekara ishirin da biyu ba wanda ya taɓa bi na."

Na fassara. Ta yi murmushi ta ce ba ta shakka ko kaɗan, amma na'urarta ba ta da wurin rubuta wannan.

"To gidana na Maraɗi hwa? Bene ne."

Na fassara wannan ma. Ta ce gidan yana wata ƙasa.

Baba ya tattara takardunsa a hankali, ya yi mata godiya har sau biyu. A cikin metro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, bai zauna ba duk da akwai kujera. Na san ba shi da tsabar kuɗin da zai ba ni. Tun da naira ta faɗi ƴan Katsina da Kano suka rage zuwa sari Maraɗi, kayansa na kwantena biyu suna jibge ba a saya ba. Na ji tausayinsa ƙwarai, ban kuma san yadda ake gaya wa uba haka ba, sai na yi ta kallon taswirar tashoshi.

Yanzu bari in shigo da Kamal. Shekararsa ishirin da bakwai, direban bas ne a Lyon, iyayensa ƴan Damagaram. A Rillieux-la-Pape da ke gefen Lyon yake zaune, bene ɗaya da ƴar gwaggona Leïla, wadda a falonta zan riƙa kwana in na fara karatu. Can muka haɗu, wata goma sha huɗu da suka wuce. Inna ta san da shi. Baba ya san da shi amma yana yin kamar bai sani ba. Ran da muka dawo daga banki, da azahar saƙonsa ya shigo.

"Ya banki?"

"Sun ƙi Baba."

"To ni zan tsaya miki. Aikina na dindindin ne, ga takardun albashina, fiche de paie uku, dubu ɗaya da ɗari tara a wata."

"Ka san ma'anarta? In na kasa biya kai za a kama. Shekara goma ke nan har da na karatu."

"Yo ina za ni cikin shekara goma?" Ya haɗa da fuskar nan mai dariya.

Kafin la'asar har ya kira bankin, an ba mu Juma'a ƙarfe goma a nan Paris. Ya ɗauki hutun yini, ya yanki tikitin jirgin ƙasa, ya turo min hotonsa.

Masu karatu, ina son Kamal. Na faɗa a fili don kada wata ta sake rubuto min zancen kalkuleta. Amma na karanta takardar mai tsayawa layi-layi, shafi shida. Aure ma an bar masa hanyar rabuwa in abu ya ƙi. Wannan takarda ba ruwanta da ko mun yi aure, ko mun ɓata, ko ya auri wata. Abin da ya fi damuna shi ne ranar da zai tambaye ni aure. In na ce to, ta yaya zan san ni ce na amsa ba dubu ishirin ba? Shi ma ta yaya zai sani? Duk da haka na rubuta masa "na gode", don ba ni da wata hanya.

Ran Laraba Inna ta ce in raka ta Aubervilliers ta ajiye wasu tukwane. Tana da ɗan ɗakin ajiya da take haya a bayan wani rumbu. Na san kayan ɗakina take tarawa a ciki, amma ban taɓa shiga ba, don duk ta kawo zancen sai in canja magana.

Ta ɗaga ƙofar ƙarfen, ta kunna fitila. Ban san lokacin da na zaro tef ba. Tsawo mita uku, faɗi biyu da rabi, kuma cike har sama. Akwatunan ƙarfe shida. Barguna goma sha biyu a ledarsu. Kwanukan tangaran, kulolin abinci jeri-jeri, labule, darduma. Ta buɗe akwati ɗaya, ƙanshin kafur ya buge ni. Atamfa ce ƴar Holan, turmi kan turmi, kowanne an ɗinke masa ɗan jan zare a gefe, an rubuta shekara da biro a jikin tambarin.

"Zaren na mene ne?"

"Don kada in ruɗe in saida naki. Kowa a Château Rouge ya san mai jan zare ba na saidawa ba ne." Ta zaro wani daga can ƙasa, shuɗi mai zanen fanka. "Wanga ran sunanki na saye shi."

An rubuta 1995.

Da wata ɗiyar ce, da ta yi kuka. Ni ƙirgawa na fara. A shagon na girma, na san farashi. Turmi ɗari da ishirin, wasu zanen an daina buga su. Shadda arba'in. Leshi. Ga sarƙoƙin zinarin da ke gida. Na danna a waya sau biyu don kada in yi kuskure, ya ba ni dubu ishirin da ɗan wani abu.

"Inna, karatuna ne gaba ɗaya a ɗakin nan."

Ta ci gaba da ninke atamfar. "Mi kika ce?"

"In aka sayar da wannan ba sai na ci bashi ba. Ba riba, ba mai tsaya min."

Ta zauna a kan akwati, ta gyara mayafinta. "Kin san abin da kike cewa?"

"Na lissafa."

"Ban ce kin lissaha ba. Na ce kin sani?"

"Inna, a Faransa muke. Ɗakin haya mita ishirin da biyar ina zai ɗauki bargo goma sha biyu?"

"Ran da aka kai ni gidan ubanki," ta ce, "ƴan uwanshi suka ƙirga kwanukana. Bakwai. Har yau in an yi hwaɗa sai an tuna mini. Ran nan na yi rantsuwa ba a ƙirga ma ɗiyata." Ta dube ni. "Kin tabbata lakwal ɗin ga, karatun ga, kike so?"

"Na tabbata."

"Kin gaya ma yaron?"

"Sai kuɗin sun haɗu. Kada in sa ya fasa banki sannan abin ya ƙi."

Sai ta ce in kira mai tasi, mu ɗauki akwati uku.

Ran Alhamis na ɗauki hutu na taya ta. Ta kwashe sababbin kaya daga kan kantar shagon, ta jera nawa, jan zaren yana waje. Na ce mu tsinke zaren mana, ta ce a bar shi, shi zai sa su yarda tsohon ajiya ne. Kafin sha ɗaya labari ya zaga layin. Matan Nijar suka fara shigowa, har da masu kitson da ke makwabtaka.

Wani abu ya ba ni mamaki: ba wadda ta yi ciniki. Matan da na sani suna iya ɓata rabin awa a kan yuro biyu, yau Inna na faɗin kuɗi sai su buɗe jaka. Wata ta dafa kafaɗata ta ce, "Allah shi musanya da mafi alheri, ɗiyata." Wata ta ce wa Inna, "Sai haƙuri, Hajiya." Na ɗauka labarin kwantenonin Baba suka ji. Na amsa da amin ina rubuta lamba a littafi, har ina jin daɗin yadda take hawa.

Wajen ƙarfe uku Tanti Fatou ta shigo. Ƙanwar mahaifin Kamal ce, a Paris take, doguwa mai son ɗaurin ɗankwali babba. Kullum in ta gan ni sai ta ja kumatuna ta ce "amaryarmu". Ran nan gaisuwarta ba ta wuce layi biyu ba. Ta ɗaga shuɗin nan mai fanka, ta shafa jan zaren da babban yatsa, ta karanta shekarar.

"Na Raliatou ne, Hajiya?"

"Nata ne," in ji Inna, ba ta ɗago ba.

Tanti Fatou ta ajiye yuro ɗari, ba ta jira canji ba, ta fita.

Da la'asar muka ƙirga, dubu bakwai da ɗari. Shekarar farko ta fito har da kuɗin jirgi. Na ɗauki waya zan yi wa Kamal albishir, sai na tarar ya riga ni. Hoton shuɗin turmin ne a kan cinyar Tanti Fatou, an matso da jan zaren kusa. A ƙasa ya rubuta, "Gaskiya ne?"

Na fita bakin shagon na kira shi, ina murna.

"Kamal, an samu kuɗin! Ba sai ka sa hannu ba."

"Kayan ɗakinki kuka sayar."

"Rabi dai. Wa yake buƙatar—"

"Raliatou, attends, tsaya. Ke da gaske ba ki sani ba, ko wasa kike min?" Muryarsa ba ta tashi ba, shi ya fi ba ni tsoro. "Uwa ba ta fito da kayan ɗiyarta kasuwa alhali akwai mai nema, sai in maganar ta mutu. Haka ake sanarwa ba tare da an ci fuskar kowa ba. Tanti ta riga ta kira mahaifiyata a Damagaram. Mun shirya bayan sallah za su kawo goro gidanku. Ban gaya miki ba, so nake ya zo miki ba zato."

Na tsaya ina kallon masu sayar da masara a bakin metro. Sai a lokacin na gane addu'o'in da na yini ina amsawa da amin.

"Ban sani ba," na ce.

"To bashin kika ƙi, ko ni?"

"Bashin."

"Amma kin gwammace a sayar da kayan aurenki da ki bari in tsaya miki. Kuma ni ne na ƙarshen ji." Ina jin ƙarar injin bas a bayansa. "Lokacin hutuna ya ƙare." Ya kashe.

Na koma ciki. Inna tana ɗaure kuɗin da roba.

"Kin sani," na ce.

"Sau uku na tambaye ki."

"Don me ba ki faɗa min kai tsaye ba?"

"Da na hwaɗa da kin fasa. Gobe ki tahi ki sa hannu ke da shi, ki shiga gidanshi da bashi a wuya, in ya ɗaga murya ki yi shiru." Ta sa kuɗin a jaka ta ja zif. "Ni kwano bakwai aka ƙirga mini, ga ni ban mutu ba. In yaron kirki ne ya dawo. In ya tahi don atamhwa, kin samu lakwal ɗinki."

Haushinta na ji, na kuma ji ban taɓa ƙaunarta kamar ran nan ba. Ta rufe shago da wuri, ta kai kuɗin asusun shagon, ta rubuta min cek.

Kafin magariba na rubuta wa Kamal. Na goge sau huɗu, ga abin da ya rage: "Kuskurena ne da ban fara gaya maka ba, ka yafe min. Amma ba zan je banki ba. In kana so na, ka zo wajen Baba ba tare da fiche de paie ba. Zan jira jirginka gobe." Alamar nan biyu ta koma shuɗiya. Bai amsa ba.

Juma'a da safe na sa doguwar riga baƙa da mayafi ruwan ƙasa, cek ɗin yana cikin littafina. Jirginsa ya iso tashar Gare de Lyon ta Paris ƙarfe tara saura. Na tsaya a bakin dandamali har mutum na ƙarshe ya wuce, wata tsohuwa da kare. Babu shi. Sai ga saƙon Leïla: "Na ga mutuminki da sassafe cikin kayan aiki. Ba yau zai zo Paris ba?"

Na hau nawa jirgin zuwa Lyon. Ƙarfe ɗaya na miƙa cek a ofishin makarantar, sakatariya ta buga hatimi ta ba ni rasit, ta ce sai Satumba. Abin bai ɗauki minti huɗu ba.

Na san layin da Kamal yake tuƙawa, shi ne mai hawa Rillieux. Na je tashar na tsaya. Bas na farko mace ce ke tuƙi. Na biyu wani dattijo. Na uku ma na bar shi ya wuce, har wani mutum ya tambaye ni ko na ɓata ne. A na huɗu na hango shi tun daga nesa, da shuɗiyar rigar aiki, idonsa ya yi ja.

Ƙofa ta buɗe daidai gabana. Ya dube ni, ya dubi rasit ɗin da ke hannuna.

"Kin biya?"

"Na biya."

"Da kuɗinki."

"Da na Inna."

Ya mai da idonsa kan titi, hannunsa a kan maɓallin ƙofa. "Akwai mutane a bayanki, Raliatou. Ki hau ko ki matsa."

Na hau. Na buga tikitina, na tsaya a bayansa, ƙarƙashin allon da aka rubuta an hana magana da direba. Tasha ishirin da ɗaya ce zuwa Rillieux, na fara ƙirgawa.